Motar Da Muka Yi Wa Fenti Kafin Ta Tashi



Tun ranar da muka ɗage bikin nuna motar nan da yaronmu ya haɗa, tambaya ba ta yanke ba. Wasu a waya, wasu a ƙarƙashin hotunan da muka saka a wannan shafi, wasu kuma a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a: ina labarin mota? Ina kuɗin da aka tara? Akwai ma ɗan uwanmu da ya rubuto daga Legas yana tambaya ko dai motar hoto ce. Ba mu ga laifin kowa ba. Wanda ya cire kuɗi daga bakin iyalinsa ya bayar, yana da haƙƙin ya ji inda aka kwana. Lissafin kuɗin, kwabo da kwabo, yana hannun ma'aji, kuma za a karanta shi a taron wata in sha Allah. Abin da muka ga ya dace mu rubuta a nan shi ne yadda abin ya faru, har da kuskuren da mu shugabanni muka tafka, domin a cikinsa akwai abin da ya shafi duk mai mota, da duk wanda ɗansa yake koyon aiki a gareji.

Ga waɗanda ba su san yaron ba, maraya ne, a gabanmu ya tashi. Da ƙyar ya gama sakandare, sannan ya shiga koyon walda a bakin titin Abuja zuwa Kaduna, can inda tireloli da tankoki ke kwana. Daga baya ya koma wurin wani rewaya a Sabon Wuse yana koyon wayoyin mota. Duk ɗan abin da ya samu, maimakon ya sayi waya ko takalmi irin na sa'o'insa, sai ya sayi ƙarfe. Da bututun ƙarfe ya haɗa shasi. Ƙafar baya ta wata tsohuwar bas ce, kujeru na wata Golf da ta ƙone, inji kuma na Toyota Corolla ne mai lita 1.6, irin na shekarun 1990, wanda ya saya bayan motar ta yi hatsari jikinta ya tashi daga aiki. Burinsa ba motar gayu ba ce. Ƙaramar akori-kura yake so, mai tsayin ƙafa, wadda za ta shiga gonakin wajen Garam da Ijah da damina ta fito da doya da buhunan masara, inda manyan motoci ke maƙalewa.

Ranar da muka je muka gan ta, gaskiya kanmu ya yi girma. Nan take aka fara tuna wa juna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano a 2007 da injin Honda Civic. Wani ya kawo sunan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, wanda a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Wani ya ce ga Mustapha Gajibo can a Maiduguri yana mayar da bas-bas masu amfani da lantarki. Muka ce to mu ma ga namu a ƙasar Tafa. Aka yi shawara, aka buɗe asusu, jama'a suka bayar fiye da yadda muka zata.

A nan kuskurenmu ya fara. Kuɗin farko da ya fita, fenti aka yi da shi. Sai sitika mai sunan ƙungiya, sai kafin alƙalami na rumfa da kujeru, sai katin gayyata. Muka sa rana. Babu ɗaya daga cikinmu da ya tambayi ko injin ya taɓa yin minti goma yana aiki a cikin motar. Mun ji cewa ya tashi lokacin yana ajiye a ƙasa a kan taya, sai muka ɗauka magana ta ƙare.

Saura kwana biyar biki, yaron ya ga ƙarfen da ke riƙe salansa yana motsi. Ya jawo injin walda ya ɗiga masa wuta, alhali batir yana haɗe, akwatin kwamfutar injin ma yana haɗe. Da ya gama ya murɗa makulli, injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Ogansa ya buɗe akwatin, warin ƙuna ya bugi hancin kowa. Wutar walda ta bi ta waya ta cinye shi. Da daddare yaron ya zo gida yana hawaye, ya ce, "Kawu, wallahi na san ana cire batir kafin a yi walda. Sauri ne ya ci ni." Ba mu iya yi masa faɗa ba, domin saurin ba nasa ba ne. Mu muka ɗora masa shi da katin gayyatarmu.

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi abin da wannan akwati yake, don mu ma sai a wannan wahala muka fahimta. Kanikawa suna ce masa birenbos, wato ƙwaƙwalwar inji. Yawancinmu mun tashi a zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, zamanin kabireta, inda makanike zai murɗa noti da sukundireba yana saurare har injin ya daidaita. Motocin yanzu ba su da kabireta. Suna da nozul da ke fesa mai, kuma wannan akwatin ne ke ba shi umarni. Yana da 'yan rahoto a jikin injin da ake kira sensa: ɗaya tana faɗa masa gudun juyawar inji, ɗaya yawan iskar da ke shiga, ɗaya yadda direba ya taka totur, ɗaya zafin ruwa, ɗaya kuma tana cikin salansa tana shinshina hayaƙi ta faɗa masa ko man ya ƙone daidai. Da waɗannan rahotanni yake yanke hukunci biyu: mai nawa za a fesa, kuma a wane lokaci fulogi zai ba da wuta.

Ma'aunin da ake nema shi ne, kowane kilo ɗaya na fetur ya samu iska kilo 14.7. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da asarar kuɗi. In ya yi kaɗan, sai injin ya ɗau zafi har ya iya ƙona fistin. Kuma wannan hukunci ba sau ɗaya ake yanke shi ba. Inji mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti, fulogoginsa suna ba da wuta sau 100 a kowace daƙiƙa. Babu hannun ɗan Adam da zai iya bin wannan.

Da akwatin ya ƙone, sai muka sake yin gaggawa. Muka tura aka sayo na hannu, irin wanda ake cirowa daga motocin da aka yanka. Bakin wayarsa ya shiga daidai, muka yi murna. Injin ya tashi, amma yana rawa kamar mai zazzaɓi, baƙin hayaƙi ya cika garejin, galan ɗin mai kuwa kamar ana zubarwa a ƙasa. Ashe kowane akwati yana da lamba a jikinsa, kuma a cikinsa akwai jadawalin da kamfani ya rubuta domin wani inji takamaimai, da irin giyarsa, da ƙasar da za a kai motar. Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Ba mu san a gwada lamba da lamba ba, laifinmu ne. Ga shi kuma akwatin kamfani a kulle yake, ba kowa ke iya shiga ya canza lissafin da ke ciki ba. Dole muka buga waya muka ba manyan baƙinmu haƙuri. Kunyar wannan rana har yanzu ba ta sake mu ba.

Taron da ya biyo baya ya yi zafi. Wasu suka ce a mayar musu da kuɗinsu. Wasu suka ce a sayar da motar a matsayin ƙarfe a rage asara. Sai dattijonmu, Baba makanike, wanda ya haura shekara arba'in yana wannan sana'a, ya miƙe ya ce abin ba ya buƙatar dogon surutu. A cire nozul da wayoyi, a sa kabireta, kamar yadda ake yi wa Golf a ko'ina. Ya ce kabireta tana da araha, in ta lalace a tsakiyar gona kowane yaro zai iya kwance ta ya hura ya mayar, amma in kwamfuta ta mutu a bayan Garam wa za a kira? Maganarsa tana da nauyi, kuma har yau ba mu ce ƙarya ya faɗa ba.

Sai wani ɗanmu da ke karatun injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya nemi izinin magana. Ya ce akwai wata hanya. A ƙasashen waje, masu haɗa mota a gida sun daɗe da fuskantar irin wannan matsala. A Ingila a 1957 aka fara sayar da motar Lotus Seven a warwatse, mutum ya saya ya haɗa abarsa a garejin gidansa. Da zamanin kwamfuta ya zo, sai irin waɗannan mutane suka ƙirƙiro akwatunan da ba a kulle suke ba, waɗanda mai mota zai rubuta jadawalinsa da kansa. Ya ambaci MegaSquirt na Amurka, da kuma Speeduino, wanda wani mutumin Ostareliya ya fara, aka gina shi a kan ƙaramin allon lantarki na Arduino irin wanda ɗalibai ke gwaji da shi a makaranta. Ana haɗa shi da laftof, a buɗe manhajar TunerStudio, sai ka ga duk abin da injin ke ciki a kan allo. Amma ya gargaɗe mu cewa akwatin yana zuwa ne ba tare da ya san injinmu ba. Sai an zauna an koya masa, kuma ba aikin kwana biyu ba ne.

Aka yi ta ja. Abin da ya raba gardama shi ne maganar yaron da kansa. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce, "Baba, in aka sa kabireta motar za ta tafi, amma ni ina nan inda nake. Duk motar da ta shigo garejinmu da wutar cek a kunne, sai oga ya tura ta Apo, ko ya kira mai kwamfuta. Ya zo ya yi minti goma ya karɓi abin da muke wuni ba mu samu ba. Ina so in san abin da yake gani." Wurin ya yi shiru. Aka amince a gwada, bisa sharuɗɗa huɗu: ba sa rana, ba hawa babban titi, ba gwaji sai Baba yana wurin, kuma ofishin sakatare ya riƙa bin aikin yana kawo rahoto. Baba ya ce zai zo, ko don ya ga yadda talabijin zai gyara mota.

Da akwatin ya iso, aikin farko shi ne a sanar da shi inda fistin yake a kowane lokaci. Ana yin haka da wani faifan ƙarfe mai haƙora 36 da aka cire ɗaya, a ɗaura shi a gaban inji, sensa tana ƙirga haƙoran suna wucewa. Kowane haƙori digiri 10 ne, giɓin kuma shi ne alamar an zagayo. Yaron ya ce wannan ai aikinsa ne, ya yanka faifan da hannu ya goge da zarto. A ido ya yi kyau. Amma da aka kunna, sai kwamfutar ta riƙa ɓata ƙirga, don wasu haƙoran sun ɗara wasu da abin da bai kai kaurin farce ba. Sai da aka kai aikin Panteka a Kaduna aka yanka wani da inji. Wannan ne karo na farko da muka ga yaron ya yarda cewa akwai aikin da ido da ƙwarewar hannu ba su isa ba, sai ma'auni.

Ranar da injin ya kama, bayan an saita tayimin da fitilar gwaji, ba mu yi kabbara da ƙarfi ba, mun riga mun koyi darasi. Daga nan aka shiga ainihin aikin. Jadawalin mai gida-gida ne kamar allon dara, 16 a tsaye 16 a kwance, gida 256 ke nan. Gefe ɗaya gudun inji, ɗaya gefen nauyin da yake ja. Kowane gida yana da lambar da ke faɗin yawan man da za a fesa in injin ya shiga wannan hali. Akwai wani jadawalin irinsa na lokacin wuta. Aka sayo sensar salansa ta musamman wadda ke nuna ainihin ma'aunin iska da mai a lamba. Aka fara da silo, aka yi ta ragi da ƙari har injin ya tsaya wajen juyi 800 a minti ba ya rawa. Sannan aka fita filin ƙwallo, daga baya aka shiga hanyar burji: yaron yana tuƙi, ɗalibinmu yana gefe da laftof a cinya, Baba yana baya a kan benci ya riƙe hularsa. In ana tafiya a hankali a nemi 14.7. In an taka sosai ko ana hawa tudu da kaya, a ƙara mai ya sauko wajen 12.5 zuwa 13, domin ƙarin man yana ba da ƙarfi kuma yana kare injin daga zafi.

A mako na biyu aka gamu da abin da ya ɗaure wa kowa kai. Lambobin da aka saita da rana, da safe sai su ƙi. Ɗalibin ya duba allo ya ga zafin ruwan ba ya wuce digiri sittin da 'yan kai, ko an daɗe ana tafiya. Ya tambaya ina tamostat? Aka ce ai an cire, an kuma haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba, wai don ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗan ƙarfe ne da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya yi ɗumi, a irin wannan injin wajen digiri 82. In babu shi, injin ba ya kai zafin da aka gina shi ya yi aiki a kai. Ita kuma kwamfuta, duk lokacin da aka ce mata inji da sanyi, ƙara mai take yi, kamar mai babur ya ja cok da asuba. To ka ga motar da aka cire wa tamostat, kamar ana tafiya ne da cok a jaye. Aka sayo aka mayar, lambobi suka zauna. Baba bai ce komai ba a ranar. Bayan kwana biyu muka ji yana faɗa wa yaransa su daina jefar da tamostat ɗin mutane.

Sai babbar jarrabawa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kowa ya san yadda man gwaji yake cin aljihu. Yaron ya ga kuɗin ƙungiya na ƙarewa a kansa, abin yana damunsa. Wata rana da daddare, ɗalibin ya koma Minna ya bar masa laftof, sai ya zauna shi kaɗai ya rage lambobin mai a gidaje da yawa, ya kuma matso da lokacin wuta gaba, don ya ji an ce hakan yana ƙara ƙarfi. Bai ajiye tsohon jadawalin ba, bai rubuta abin da ya taɓa ba, bai faɗa wa kowa ba.

Washegari aka ɗora buhunan yashi shida aka nufi wani tudu. Ana tsakiyar hawa, yaron yana murmushi don motar tana ja, sai Baba ya buga rufin da tafin hannu ya daka tsawa: "Kai! Ɗaga ƙafarka! Kashe ta!" Mu da ke biye a babur ba mu ji komai ba. Shi ya ji wata 'yar ƙara a cikin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar tana zuwa ne in mai da iska suka fashe da kansu a cikin silinda maimakon su ƙone a tsanake, kuma kowace fashewa duka ce a kan fistin. Akwatinmu ba a haɗa masa sensar jin wannan ƙara ba, don haka ba shi da labari. Da aka kwance fulogi, bakinsu fari fat kamar alli, alhali mai lafiya ruwan ƙasa yake yi. Baba ya ce da an kai ƙarshen tudun a haka, da fistin ya huje. Garin neman gira an kusa rasa ido. Talabijin ɗin da Baba ya zo kallo, kunnen Baba ne ya cece shi.

Da aka zo mayar da jadawali yadda yake, sai aka ga babu inda aka rubuta shi. Aikin kusan mako uku ya tafi. A nan ne mu da ba mu san komai a kan inji ba muka samu abin da za mu taimaka da shi, domin abu ɗaya da ofishin sakatare ya iya shi ne rubuta abin da aka yi a taro. Muka sayo littafi mai bango irin na rajista, muka ja layuka: rana, lokaci, zafin ruwa, gidan da aka taɓa, lambar da, sabuwar lamba, abin da aka gani, abin da Baba ya ji. Aka kafa doka: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In ka taɓa mai, kada ka taɓa wuta sai an gwada. Kafin a canza komai a ajiye kwafi da kwanan wata, ɗaya a laftof, ɗaya a waya. Da farko yaron yana ganin ɓata lokaci ne. Yanzu shi ne ba ya murɗa makulli sai littafin yana kan kujera. Aikin da ya ɓace kuwa, da littafi a hannu, cikin kwana tara aka dawo da shi, har ya fi na da.

Inda ake yanzu: motar tana tashi bugu ɗaya da safe, tana tsayawa a silo, ba hayaƙi, kuma ta hau wancan tudun da kaya sau da yawa Baba bai ji komai ba. Amma ba ta gama ba. An saita ta ne a lokacin sanyi, dole a sake duba ta in zafin Maris da Afrilu ya shigo, don iska mai zafi ta fi saurin kawo waccan ƙarar. Birki da sitiyari da ɗinkin waldar shasi duk sai wanda ya sani ya duba su da kyau. Sannan sai a bi ta ofishin VIO da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a ji abin da doka ta ce game da lamba da takardu. Ko a Ingila, motar da mutum ya haɗa a gida ba ta samun lamba sai ta ci jarrabawar hukuma. Mu da muke zaune a bakin wannan titi mun san abin da yake ci, ba mu manta da gobarar tankar mai ta mahaɗar Dikko a Janairun 2025 ba. Ba za mu saka ran yaronmu da na bayin Allah a tsakanin tireloli don a tafa mana ba.

Ga masu motoci a cikinmu, ga abin da muka tsinta, kyauta. Kada a yarda a cire tamostat don mota tana zafi, a nemi dalilin zafin, ko lagireto ne ya toshe ko fanka ce ba ta tashi. Kada a bari a fasa salansa a cire abin nan da ake kira indomi ba tare da dalili ba, aikinsa tace hayaƙin da mu da 'ya'yanmu muke shaƙa. In wutar cek ta kama, kada a manna mata salatif ko a cire ƙwanta. Motocin da aka yi don Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, duk suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake soka sikana, motar ta faɗi ciwonta da lamba. Misali P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0172 na nufin mai ya yi yawa. Amma lambar ishara ce, ba ita ce gyaran ba, sai an bi an gano dalili kafin a sayi kaya. Kafin walda a cire batir a zare bakin akwati. In za a sayi birenbos na hannu, a tafi da tsohon a gwada lamba. Masu shirin mayar da mota ta iskar gas ta CNG kuma su sani, ita ma tana da nata akwatin da ake saitawa da laftof, ba aikin kowa ba ne.

Ga iyaye kuma, wannan ce maganar da ta fi damunmu. Mun ga yaron da zai iya haɗa shasi da ido, amma ya yi kwanaki yana fama kafin ya gane me ake nufi da 14.7 a kan 1. Duk bayanin akwatin da Turanci yake, kalma-kalma ɗalibinmu ya riƙa fassara masa. Ba rashin basira ba ne, karatun ne aka yi masa a tsaitsaye. Mun saba cewa yaron da boko bai karɓe shi ba a kai shi gareji. A zamanin kabireta hakan ya yi aiki, ya ciyar da gidaje da yawa. Yanzu motar da ke shigowa gareji lamba take magana da ita. Yaron da aka cire daga aji uku aka miƙa wa oga, zai iya ƙare rayuwarsa yana kwance taya da canza baƙin mai, wani daga nesa yana zuwa da jaka yana karɓe kuɗin. A kai su gareji, sana'a ce mai albarka, amma a bar su su gama makaranta, a kuma matsa musu a kan lissafi da karatu.

Saboda haka kwamiti zai kawo shawara biyu a taron wata. Na ɗaya, kuɗin da ya rage na rumfa da kujeru a sayi sikana ɗaya da shi, ta zama ta ƙungiya, a ajiye ta a garejin Baba da rajistar aro. Na biyu, a riƙa zama duk Asabar bayan la'asar da yaran gareji, ɗalibanmu su koya musu karanta sikana da ɗan lissafi, dattawan kanikawa kuma su koya wa ɗaliban abin da kunne ke ji. Baba ya riga ya ba da wuri. Duk mai tsohuwar laftof da ba ya amfani da ita, muna roƙo.

Waɗanda suka ce a mayar musu da kuɗinsu, maganarsu tana nan a rubuce, taro ne zai yanke, kuma ba za a ga baƙin kowa ba. Muna neman afuwar duk wanda gaggawarmu ta kunyata, musamman shi yaron. Ba za mu sake sa rana ba. Amma duk mai son ganin motar, ya zo garejin ranar Asabar, zai same ta da ƙura a kan fentin, da littafinta a kan kujera.

 

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.